Magana a Matsayin Makami: Tarihin Lallashin Masu Garkuwa da Mutane, 1971 zuwa 1996

Gabatarwa

Garkuwa a asalin Hausa ita ce fatar da mayaƙi yake kare jikinsa da ita daga kibiya da mashi. Daga nan aka ari kalmar, aka ce wane ya yi garkuwa da mutane, watau ya tsare su ya mai da su kariya tsakaninsa da hukuma. A yau kalmar ta fi karkata ga sace mutane a shiga daji da su don neman kuɗin fansa. Wannan maƙala ba wannan ta shafa ba. Ta shafi halin da 'yan sanda suka kewaye gida, mai makami yana ciki, rayukan bayin Allah suna hannunsa. Za a yi ƙoƙarin nuna yadda 'yan sandan Amurka suka gane cewa a irin wannan hali harshe yakan yi aikin da bindiga ta kasa, da kuma sharaɗin da harshen yake bukata kafin ya ci nasara.

Darussa biyu masu ɗaci

Kafin shekarar 1973, abin da aka saba shi ne a kewaye wurin, a yi shelar miƙa wuya, in an ƙi a afka. Abubuwa biyu suka tona asirin wannan hanya. Na farko ya faru a kurkukun Attica da ke jihar Niyok, inda fursunoni suka yi bore suka tsare gandirobobi. Ran 13 ga Satumba 1971 'yan sandan jihar suka kutsa, mutum 39 suka mutu, 10 daga cikinsu waɗanda aka je ceto ne. Bincike ya tabbatar harsasan masu ceton ne suka kashe su.

Na biyu ya faru a Munich, Jamus ta Yamma, lokacin wasannin Olimfik. Ran 5 ga Satumba 1972 Falasɗinawa takwas na ƙungiyar Black September suka shiga masaukin 'yan wasan Isra'ila, suka kashe biyu, suka tsare tara. Hukuma ta yi musu alkawarin jirgin sama, alhali kuwa kwanton ɓauna ta shirya a filin jirgi, da gwanayen harbi biyar kacal. Aka wayi gari duka taran sun mutu, tare da ɗan sanda guda da biyar daga cikin maharan.

Awa 47 a Brooklyn

Labarin Munich ya tayar da hankalin shugabannin 'yan sandan birnin Niyok. Suka ɗora wa mutum biyu nauyin neman wata hanya: Frank Bolz, gogaggen jami'i, da Harvey Schlossberg, ɗan sanda mai digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Ba a daɗe ba jarrabawa ta zo. Ran 19 ga Janairu 1973 wasu mutum huɗu suka shiga kantin sayar da bindigogi a Brooklyn da niyyar fashi. Aka yi musayar wuta, ɗan sanda guda ya mutu, 'yan fashin suka tsare mutanen da ke kantin.

A nan ne abin lura yake. An kashe musu ɗan uwa, zukata sun tafasa, da yawa suna son a afka. Duk da haka shugabanni suka bi shawarar Schlossberg: a daina harbi, a yi ta magana. Aka bar likita ya shiga ya duba ɗan fashin da ya ji rauni. Bayan kusan kwana biyu, mutum tara da suka rage a tsare suka sulale ta wata ɓoyayyar matakala zuwa rufin ginin, daga bisani maharan suka miƙa wuya. A wannan shekara aka kafa rukunin masu lallashi na rundunar, wanda wasu rundunoni suka yi koyi da shi.

Wace irin magana?

Mai nazarin harshe zai so ya san irin maganar da ake yi. Ba fasaha ba ce irin ta maroƙi, ba kuma wa'azi ba ce. Galibinta sauraro ne. Mai lallashi yakan yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a. Yakan maimaita kalmomin ƙarshe na abokin maganarsa don ya ci gaba. Yakan ambaci abin da ya ji a muryarsa, alal misali ya ce da alama an ɓata masa rai ƙwarai. Ba ya gardama, yana kuma gudun ƙarya, domin in aka kama shi da guda, amana ta rushe. Bugu da ƙari, ba shi ke yanke hukunci ba. Kullum yana iya cewa sai ya tambayi na sama, ta haka lokaci ya ja. Dalili kuwa shi ne fushi ba ya ɗorewa. Yunwa da gajiya da barci sukan sauko da mutum har ya iya tunani. Mahakurci, in ji Bahaushe, shi ke dafa dutse.

Iyakar harshe

Sai dai hanyar tana da sharaɗi, kuma a Waco ta jihar Texas aka ga haka a 1993. Hukumar FBI ta kewaye mabiya wata ɗariƙa ƙarƙashin David Koresh har kwana 51. Masu lallashi sun fitar da mutum 35, cikinsu har da yara 21. Amma yayin da suke tausasa murya ta waya, 'yan uwansu masu makamai suna yanke wutar lantarki, suna murƙushe motocin mutanen da tankoki, suna hana su barci da ƙara. Baki na cewa zo, hannu na cewa tafi. Ran 19 ga Afrilu aka kai farmaki, gobara ta tashi, mutum 76 suka halaka. Hukumar ta sake tsari, ta haɗa ɓangarorin biyu ƙarƙashin jagoranci guda. A 1996 ta jira kwana 81 a jihar Montana, masu tawaye suka fito ba a zubar da jini ba.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, daɗin baki kaɗai ba ya ceton rai. Magana tana tasiri ne in aikin mai ita bai ƙaryata ta ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin dattijo yana raba gardama a zaure: yakan bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa kafin ya ce uffan. Abin da 'yan sandan Niyok suka ƙara shi ne mai da wannan hali darasi mai ƙa'idoji, wanda ake koyarwa, ake kuma gwadawa a lokacin da kuskure guda zai iya cin rai.