Daga Kantin Bature Zuwa Tiren Ɗan Koli: Yadda Maganin Gwangwani Ya Iso Illela

Duk wanda ya ci kasuwar Illela ranar Lahadi ya san muryar mai magani, wanda ke jero cututtuka ta lasifika, daga basir zuwa shawara zuwa sanyin ƙashi, ya ce duk kwalba ɗaya ce maganinsu. Mutane kan ɗauka wannan salo na jiya-jiya ne, alhali ya girmi Najeriya mai 'yanci, kuma a Ingila da Amurka aka raine shi kafin ya iso nan.

Sai da aka yi iyaka kafin a yi garin iyaka. Ingila da Faransa sun ja layi a takarda a 1898, suka gyara shi a 1904 da 1906, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu har zuwa 1908. Birnin Ƙonni ya faɗa hannun Faransa, Illela ta zauna ɓangaren Ingila, ga dangi ɗaya da harshe ɗaya an raba musu gwamnati. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan kaya kan bi mota zuwa Sakkwato, su bi ta Kware da Gwadabawa su nufi iyaka. Kamfanonin da ke sayen gyaɗa da fatu, irin su UAC da John Holt da CFAO, su ne ke sayar da atamfa da kananzir, kuma a kantunansu ne 'yan koli ke sarin ƙananan kaya, har da magani.

Me ke cikin gwangwanayen da kwalaben? Turawa da kansu sun yi wannan tambaya a gida. A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta buga littafi mai suna Secret Remedies, inda aka auna shahararrun magungunan da masu su ke ɓoye sirrin haɗinsu. Ƙwayar Beecham's Pills, wadda ake tallarta a matsayin maganin cututtuka barkatai, aka tarar ba komai cikinta sai ruwan wani tsiro dangin kabar-giwa da citta da sabulu. Akwatin da ake sayarwa sule ɗaya da kwabo ɗaya da ɗari, kayan haɗinsa ba su kai na ɗari ba. Kafin nan, a 1905, wata kotu a Edinbara ta tone asirin Bile Beans, ta kamfanin Charles Fulford mai man Zam-Buk. Tallarta ta ce wani masani ne ya gano sirrinta wajen 'yan asalin ƙasar Ostareliya, sai kotu ta tabbatar babu masanin, babu sirrin. Hakan bai hana ta ciniki na shekaru masu yawa ba. Sai a 1941 Birtaniya ta yi dokar tilasta rubuta abin da magani ya ƙunsa a jikinsa.

Ba duka ne na banza ba. Mantaleta, wadda aka fara haɗawa a jihar Kansas ta Amurka cikin shekarun 1890, tana buɗe hanci lokacin hunturu kamar yadda aka ce. Aspro, wadda ta fito daga Melbon ta Ostareliya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, asfirin ce, kuma tana sauke ciwon kai. Matsalar tana ga baki, domin abin da ke rage raɗaɗi shi ake sayarwa da sunan mai warkarwa.

A Legas, talla ta zama sana'a tun 1928 da aka kafa West Africa Publicity, kuma jaridu irin su Daily Times da West African Pilot sun ci kuɗin tallar magani sosai. A Arewa kuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. To amma mutum nawa ke karanta boko a ƙasar Gwadabawa a wancan zamani? A ganina jarida ba ita ta sayar da magani a bakin iyaka ba. Launin gwangwani da hoton da ke jikinsa su ne shaidar mai saye, ɗan koli kuma shi ne likita, shi ne mai talla. Shi zai ce a sha biyu da kunu, ko a shafa a kwanta. Mutanen da suka saba da sassaƙen boka da ƙahon wanzami da rubutun sha ba su watsar da nasu ba, sun dai ƙara na Bature a kai.

Abin da ya ɗaga darajar ƙwaya gaba ɗaya shi ne zuwan wadda ke aiki da gaske. A 1938 kamfanin May & Baker ya fitar da M&B 693, mai maganin ciwon huhu da ciwon sanyi da sanƙarau. Ita aka ce ta ceci Firayim Ministan Birtaniya Churchill da ya kwanta a Tunisiya a Disambar 1943. Kamfanin ya buɗe reshe a Legas a 1944, kuma da annobar sanƙarau ta afka wa lardunan Arewa a 1949 da 1950, da magungunan wannan dangi aka tunkare ta. Wanda ya ga ɗansa ya tashi bayan wuya ya sandare, wa zai sake gaya masa ƙwayar Bature ƙarya ce? Ga kuma tsofaffin sojojin Bama da suka dawo gida sun saba da haɗiyar mefakirin kullum saboda zazzaɓi. A tsallake, mutanen Ƙonni sun san Nivaquine, nasu maganin zazzaɓin. Abin dariyar shi ne May & Baker a wancan lokaci mallakar kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ne, mai Nivaquine ɗin, wato ko da sule ka saya ko da faran, ribar gida ɗaya ta nufa.

Daga nan sai M&B ta tsallake daga ɗakin shan magani na En'e ta hau tire, ana sayar da ita ɗai-ɗai kusa da man zafi da alawa, ba gwaji, ba ƙa'idar kwana nawa za a sha. Laifin bai tsaya kan ɗan koli ba. Asibiti yana Sakkwato, na mishan da ke Galmi a ɓangaren Nijar kuwa sai a 1950 aka buɗe shi, kuma mai zazzaɓi a ƙauye ba zai hau jaki ya yi wannan tafiya ba alhali ga magani a kasuwa. Da babu gara ba daɗi. Gwamnatin mulkin mallaka ta ga giɓin, sai ta cike shi da lasisi, ta ba wanda bai karanci haɗa magani ba izinin sayar da na cikin kwali yadda kamfani ya rufe shi. Wannan lasisi ne kakan wanda masu kemis ke riƙe da shi a Illela yau, kuma har yanzu sharaɗinsa bai ba su damar yin allura ba.