Yadda Binciken Barasa Ya Tona Asirin Garehul

A ƙarshen shekarun 1980, a birnin Landan na lardin Ontariyo a Kanada, masanin magunguna David Bailey ya shirya gwaji domin gano ko barasa na sauya aikin felodipine, wani maganin hawan jini. Sharaɗin gwajin shi ne kada waɗanda ake gwadawa su gane ko an zuba musu barasa. Bailey ya ɗanɗana ruwan 'ya'yan itatuwa iri-iri, ya ga na garehul ne kaɗai, saboda ɗacinsa, yake ɓoye ɗanɗanon barasar.

Sakamakon da aka buga a 1989 ya ɗaure kai. Maganin ya taru a jinin mahalarta ninkin-ba-ninkin abin da aka saba gani, har a jinin waɗanda ba su sha barasa ba. Bailey, wanda shi ne ɗan Kanada na farko da ya gudu mil guda cikin ƙasa da minti huɗu, ya gwada abin a jikinsa: ya haɗiyi maganin da ruwa, daga baya kuma da garehul. A karo na biyu adadin ya ninka kusan sau biyar. Mujallar Lancet ta buga cikakken binciken a 1991.

Dalilin yana cikin hanji. A bangonsa akwai sinadarin CYP3A4, wanda ke lalata kaso mai yawa na wasu magunguna kafin su shiga jini, kuma da wannan asarar ake lissafi wajen auna ƙwayar. Furanokumarin da ke cikin garehul na kashe sinadarin, sai ƙwaya ɗaya ta yi aikin ƙwayoyi da yawa. Kofi guda ya isa, kuma jiki na buƙatar kwana ɗaya zuwa uku kafin ya samar da sabo. Don haka dabarar shan lemun da safe a sha magani da dare ba ta da amfani.

A 2012 Bailey da abokan aikinsa sun lissafa magunguna fiye da 85 da garehul ke shafa, 43 daga ciki da mummunar illa. Simvastatin, maganin rage kitsen jini, na iya narkar da tsoka har ƙoda ta taɓu. Lemun zaƙi bai shiga wannan lissafin ba.