Daga Tenere Zuwa Bonduku: Sawun Fataken da Suka Riga Mu

Yaranmu da aka haifa a nan Abijan sun ɗauka tarihin Bahaushe a ƙasar nan ya faro ne daga tashar mota. Ba haka ba ne. Kafin a shimfiɗa kwalta ko layin dogo, da ƙafa aka zo. Hanyar kuwa kashi biyu ce: ta hamada da ta kurmi, kuma a kasuwannin ƙasar Hausa suke haɗuwa.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Sarki Yakubu kuma gishirin Azbinawa ya wadata a ƙasar Hausa. Ke nan gishiri da goro tare suka taso.

Mu fara da arewa. Duwatsun Azbin, waɗanda mafi tsawonsu, Bagzan, ya haura mita 2,000, daga nan ayarin gishiri ke tashi wajen watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina. Tsakanin Agadas da Bilma akwai kusan kilomita 600, kuma a tsakiya Tenere take, inda babu inuwa babu kiwo. Don haka kowane raƙumi da dammunan ciyawarsa yake tafiya, ana ajiye wasu a hanya saboda dawowa. Mutane na tafe a ƙasa tun safe har tsakar dare, a tafe ake shan furar gero da dabino da cuku. Da rana zafi, da dare sanyi mai ratsa ƙashi, in iska ta taso sai ta shafe sawu. Madugu ke gaba, yana duban taurari da kwanciyar rairayi. Bishiya ɗaya tilo da ta zama alama a wannan fili, mota ce ta kayar da ita a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai.

Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ɗanɗana wannan ƙasa a 1850. Kusa da Gat ya bar abokan tafiyarsa ya hau dutsen Idinen shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, ya ɓata, har ya tsotsi jinin jikinsa kafin wani Buzu ya tsinto shi. Bayan makonni kaɗan, a wani kwarin Azbin, ambaliya ta taso musu farat ɗaya, ta kusa tafiya da zangonsu. Dutse ɗaya ƙishirwa, wani dutsen ruwa. Sai da ya shiga ayarin gishirin Azbinawa ya gangaro Damargu, sannan ya isa Kano a watan Fabrairu na 1851.

Daga Kano kuma wata tafiyar ke farawa. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga wajen Buzaye ne, tare da Kambarin Barebari, su suka riƙe fataucin goro a ƙarni na 19. Sukan ɗora wa jakuna kanwa da rinannun tufafi da jima da gabu, abin da ya rage 'yan alaro su ɗauka a ka. A ƙetare Kwara, a ratsa Bargu zuwa Zugu, a bi ta gefen duwatsun Atakora, a faɗa Sansanin Mango da Yandi, sannan Salaga. Zuwa kaɗai kan ci wata biyu ko uku. Da rani ake tafiyar, domin da damina koguna kan cika, jakuna su mutu. Amma hunturun da ke busar da hanya shi ne kuma abokin gabar goro: dole a naɗe shi da ganye, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace.

Ayari ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu mai yanke shawara da biyan garama ga sarakunan hanya, akwai jagaba a gaba, uban dawaki mai kula da zango, da malamin ayari mai rubutu da addu'a da raba gardama. Wanda ya gaza ba a barinsa a daji. Wanda ya rasu, a yi masa sutura, a kai wa magada dukiyarsa.

Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta. Fatake suka watsu zuwa Kintampo da Kete-Karachi da sauran zangogi. Bonduku, wadda yau take cikin Kwaddibuwa, da ma babbar kasuwar goro ce da Hausawa suka sani. Da Bafaranshe Binger ya shiga Kong a 1888, ya tarar da unguwar Hausawa marina, domin Maraba shi ne sunan da Julawa ke kiranmu da shi. A nan Kong ɗin ya haɗu da Treich-Laplène a watan Janairu na 1889. Ku duba: mutumin da aka sa wa Treichville sunansa, da ya isa arewacin ƙasar nan, kakanninmu ya iske a zaune da karofinsu.

Jirgin ruwa da jirgin ƙasa su suka kashe ayari. Alhasan Ɗantata, Ba'agale ne da ya taka hanyar Gwanja, daga baya ya koma aika goro ta teku zuwa Legas. Yau goron Anyama a babbar mota yake tafiya arewa.

Amma hamada ba ta sauya hali ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga kudancin Nijar. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya ji ƙansu. Magabata ba su fi su ƙarfin jiki ba. Sun fi su tsari ne. Sun san lokaci, sun ƙirga rijiyoyi, kuma madugunsu mutum ne da aka san gidansa, wanda zai dawo ya fuskanci iyayen waɗanda ya jagoranta.

Don haka, duk matashin da ke shirin arewa a hannun wanda bai san sunan ubansa ba, ya zo ya zauna da dattawa tukuna. Matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya tambaye shi ta wace hanya kakansa ya shigo, ya rubuta tun ana da sauran masu faɗa.

Allah Ya gafarta wa magabatanmu, Ya tsare matafiya a duk inda suke.