Riga-kafin Gargajiya da Annobar Gubar Dalma a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce riga-kafi ya fi magani. A wannan maƙala zan duba yadda mutanen ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum suka riƙi wannan magana tun zamanin kakanni, sannan in kawo abin da ya auku a shekarar 2010, lokacin da wata cuta ta zo wadda saiwa da sassaƙe ba su iya tare ta ba. Manufata ita ce malaman makaranta da dattawa su ga inda ilmin gargajiya yake da ƙarfi da kuma inda iyakarsa ta tsaya.

Riga-kafi a Gargajiyance

Bahaushen wannan yanki bai jira ciwo ya kwantar da shi kafin ya nemi itace. Tun daga ranar haihuwa ake fara tsari. Ana ba jariri dauri, mai jego kuma ta yi wankan ruwan zafi da ganye har kwana arba'in, ta sha kunun kanwa domin ƙarfin jiki da ruwan nono. Idan damina ta kama, ana jiƙa sassaƙen maɗaci saboda masassara, sabara saboda ciwon ciki, marke kuma saboda tari. Zogale da kuka da tafasa suna cikin tukunya kullum, har ba a lissafa su cikin magani. Wanzami da ungozoma da 'yar mai ganye kowa da fagensa.

Wannan ilmi bai tsaya a baki kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magunguna, har da na basir. A zamanin Turawa kuma wani likita mai suna J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa ya buga a 1916, kuma sunansa ne masana tsirrai suka liƙa wa itacen hano. Binciken zamani ya tabbatar da cewa ganyen zogale na ɗauke da sinadaran gina jini da ƙashi, garin 'ya'yan kuka kuma na da bitamin C mai yawa.

Sai dai ba kowace al'ada ce ta tsira daga bincike ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan shan kanwa tare da kwanciya a kan gado mai wuta. Haka nan kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido, asalinsa ma'adini ne mai dalma a ciki.

Abin da Ya Faru a 2010

Haƙar zinariya tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, amma da farashinta ya hau a kasuwannin duniya bayan 2008, sai manoma da yawa suka shiga. Aka riƙa kawo duwatsu cikin gari, a niƙa su da injin niƙan hatsi, a daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abin da ba a sani ba shi ne dutsen cike yake da dalma.

Yara suka fara amai da farfaɗiya, wasu su makance, wasu su cika cikin 'yan kwanaki. Iyaye suka yi abin da suka gada: jiƙo da hayaƙi da rubutun sha, wasu kuma suka nemi maganin zazzaɓin cizon sauro. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka zo sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan mutuwar yara. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu a jihar.

Abubuwa biyu suka tsayar da mutuwar. Na farko, magani na musamman da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, wanda aka riƙa bayarwa a asibitocin Anka da Bukkuyum. Na biyu, kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, a binne ta, a zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki tsakanin 2010 da 2011, ciki har da Abare da Sunke da Tungar Daji. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Sarakuna da masu unguwanni sun taka rawa wajen fitar da niƙan dutse daga cikin gari. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022.

Ciwon da Ke Daɗewa

Dalma ba ta barin jiki da sauri. Takan kwanta cikin ƙashi shekaru masu yawa, ta haddasa hawan jini da ciwon ƙoda, ta rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma idan mace ta sami ciki takan koma jini ta isa ga ɗan tayi. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun kai aure. Malami da ya ga ɗalibi daga waɗannan ƙauyuka yana jinkirin fahimta, ya kamata ya tuna da wannan tarihi kafin ya ɗauki bulala.

A nan ne abincin gargajiya ke da gurbinsa na gaskiya. Yaron da ke da ƙarancin jini, ko wanda cikinsa ba komai, jikinsa ya fi saurin zuƙar dalma. Saboda haka zogale da kuka da nono da wake suna rage ɓarna, amma ba su fitar da gubar da ta riga ta shiga.

Kammalawa

Masu tallar magani da lasifika a kasuwannin Gummi da Anka da Bukkuyum sukan yi alƙawarin wanke jini da ƙara garkuwar jiki da kwalba guda. Ya kamata a sani cewa lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a jikin yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an gwada ba su da guba, ba shaidar suna warkarwa ba. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, riga-kafin kakanninmu ya yi aiki a kan cututtukan da suka sani. Ga dalma kuwa, tsarin shi ne a niƙa dutse nesa da gida, a jiƙa shi da ruwa don kada ya yi ƙura, mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, a kuma kai yaro gwajin jini idan an yi zargi. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.