Sambol a Farfajiyar Lakkwal: Harshe da Matsin Tsara

Masu nazarin tarihin boko a Nijar sun fi duba abin da mushe yake yi cikin aji. Mu a nan farfajiya za mu duba, inda yara suke hukunta junansu.

Dokar da gwamna Jules Carde ya sa wa hannu a 1924 ta tsai da Faransanci shi kaɗai a makarantun Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, taron Brazzaville na 1944 kuma ya ƙarfafa ta. To amma mushe ɗaya ba ya iya sauraren bakin yara duka lokacin shan iska. Sai aka ɗauko wata dabara da aka riga aka gwada a Faransa kan ƴaƴan Biritan: sambol. Wani ƙashi ne, ko guntun icce, da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda maraice ya iske da shi a wuya, shi ke shan horo.

Abin lura shi ne wanda aka ɗora wa aikin tsaro. A makarantar allo, gardi ne ke riƙe da bulala, yaro ya san daga ina azaba take zuwa. Sambol kuwa ya mai da aboki ɗan leƙen asiri. Yaron da aka hore shi a gida cewa tsegumi abin kunya ne, ya gano cewa tsira tasa tana cikin kama ɗan'uwansa, har ya tsokane shi da gangan don Hausa ta suɓuce masa. A ganinmu, wannan ɓarna ta fi ta bulalar kanta.

Samun ƴancin kai a 1960 bai kau da al'adar nan take ba. Canji na gaske ya soma a 1973, da aka buɗe ajin gwaji na koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka haɗa da Zabarmanci, Fulfulde, Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a koyarwa.

Sai dai a shekarun 1990 ɗin nan ne yajin aiki da rashin biyan albashi suka raunana lakkwal ta gwamnati, makarantun kuɗi suka yawaita a Yamai da Maraɗi. Abin da iyaye suke saya a can, galibi, Faransanci ne. Ba a buƙatar ƙashi a wuya: dariyar tsara ta isa ta rufe bakin yaron da lafazinsa ya nuna ƙauye. A farfajiyar gwamnati matsin ya juya, mai Faransanci ne ake kira ɗan Nasara.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Tambayar da ta kamata ɗalibanmu su kai farfajiya yanzu ita ce yaron da Tamajak ko Gurmanci ne harshen gidansu: wa ke saurarensa, kuma wa ke yi masa dariya?