Yadda kamfanin Lynk & Co na ƙasar Sin ya shiga gasar tseren motocin hawa ta duniya

Tseren motocin hawa ya bambanta da Formula 1, inda ake ƙera mota takanas domin gudu. A nan, motar da ake sayar wa jama'a ce ake ɗaukowa, a cire kujerun baya, a girka mata ƙarafan kariya daga ciki, a ƙara wa injin ƙarfi, sannan a sa ta a fili. Shi ya sa kamfanoni ke kwaɗayin shiga, domin mai kallo yana ganin irin motar da zai iya saye tana gaba da takwarorinta.

Wannan dabarar talla ba baƙuwa ba ce ga Arewacin Najeriya. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, ƙirar 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin daji. Duk wanda ya taɓa hawa 504 daga Bauchi zuwa Jos ya san sunan da ta yi wajen juriya.

Misali mafi armashi a 'yan shekarun nan shi ne na Lynk & Co, wanda kamfanin Geely na ƙasar Sin ya kafa a 2016. Geely ɗin ne ya sayi Volvo daga hannun Ford a 2010, kuma ta wannan ƙofa ya samu Cyan Racing, wata ƙungiyar tsere ta ƙasar Suwidin wadda direbanta Thed Björk ya zama zakaran duniya a 2017 da motar Volvo. A 2019 ƙungiyar ta shiga gasar WTCR ta hukumar FIA da ƙirar Lynk & Co 03.

Abin da ya sauƙaƙa wa sabon shiga shi ne ƙa'idojin TCR, waɗanda aka fara aiki da su a 2015. Sun tanadi mota mai ƙofa huɗu ko biyar, wadda tayoyin gaba ke ja, da injin turbo da bai wuce lita biyu ba, mai ƙarfin dawakai kusan 350. Sai kuma tsarin daidaita ƙarfi: idan wata ƙira ta fi saura gudu, masu shirya gasa kan ƙara mata nauyi, ko su rage ƙarfin injinta, ko su ɗaga ta daga ƙasa. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya saye nasara. Sai dai babu abin da ya kai wannan tsari jawo gardama, domin kowace ƙungiya tana ganin ita aka danne.

A hukumance, gasar ba ta amince da ƙungiyar da kamfani ke gudanarwa kai tsaye ba. Amma wanda ya dubi direbobin da aka ɗauko ya san akwai babban hannu a baya. Ban da Björk, akwai Yvan Muller na Faransa, mai kambun duniya huɗu, da Andy Priaulx mai uku, da matashi Yann Ehrlacher, ɗan 'yar'uwar Muller.

A nahiyar Afirka aka buɗe fage. A watan Afrilun 2019, a birnin Marakesh na Maroko, Björk ya lashe ɗaya daga cikin tsere uku na wancan mako, tun a fitowar motar ta farko. Kambun direbobi na shekarar ya tafi hannun Norbert Michelisz mai tuƙa Hyundai, amma Cyan Racing ta ɗauki na ƙungiyoyi, ta kuma riƙe shi a 2020 da 2021. A waɗannan shekaru biyu Ehrlacher ne zakaran direbobi. Ga masana'antar motocin Sin, wadda aka daɗe ana yi wa kallon mai kwaikwayon ƙirar wasu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake gaskiya ne cewa injiniyoyin Suwidin ne suka gina motar tseren.

Rabuwar ba ta yi daɗi ba. A 2022 tayoyi suka riƙa fashewa, har aka soke tseren Nürburgring na Jamus a watan Mayu. A Vallelunga ta Italiya, a watan Yuli, motocin Lynk & Co sun koma gareji ba tare da sun fafata ba, kuma a watan Agusta ƙungiyar ta janye daga gasar baki ɗaya, tana mai cewa ba za ta jefa direbobinta cikin haɗari ba. Fitar motoci biyar lokaci guda ta rage yawan masu fafatawa matuƙa, kuma WTCR ba ta sake ganin wata shekara ba. A 2023 gasar TCR World Tour ta maye gurbinta, Lynk & Co kuma ya dawo fage a cikinta.