Hatimi da Wutsiya

In mai tatsuniya ta ce ƙurunƙus, shi ke nan, yara sai barci. Malamai kuwa in sun kai ƙarshen littafi sukan rubuta tammat, wato ya cika. Jawabin da mawallafi ke rufewa da shi Larabawa na ce masa hatima, asalinsa ɗaya da hatimin da akawu ke bugawa a gindin takarda don kada wani ya ƙara kome.

Amma ƙari ba ya hanuwa. Abin da wani ya ɗora bisa littafin wani sunansa zailu, wato wutsiya. Irinta Ahmadu Baba na Tambutu ya yi wa littafin Ibn Farhun a 1596, bayan sojan Maroko sun kwashe shi zuwa Marrakush. Ya shigar da malaman da babu su ciki, har da Magili, wanda ya zauna Kano.